Bashin Ci Gaba: Polan da Waɗanda Suka Biya Kuɗin Shiga Tarayyar Turai

Ranar 1 ga watan Mayu na shekarar 2004 ƙasashe goma suka shiga Tarayyar Turai a lokaci guda, takwas daga cikinsu kuwa ba su daɗe da fitowa daga mulkin kwaminisanci ba. Mafi girma a cikinsu ita ce Polan, mai mutane wajen miliyan 38. A wancan lokaci arzikin da ɗan Polan yake samarwa a shekara, idan aka auna shi da ƙarfin sayen kaya, bai wuce rabin matsakaicin na Tarayyar ba, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu ƙarfin aiki yana zaune babu abin yi. Shekara ashirin bayan haka ma'aunin arzikin ya kai wajen kashi 80 cikin ɗari, rashin aikin yi ya sauka zuwa kusan kashi 3, ƙasar da ƴaƴanta suke fita neman abinci ta zama wadda baƙi suke shigowa neman aiki. Da wuya a sami masanin tattalin arziki da zai musanta cewa wannan babbar nasara ce.

Sai dai akwai tambayar da alƙaluma ba su iya amsawa, domin tambaya ce ta adalci. Idan al'umma ta ci riba gaba ɗayanta, amma wani sashe nata ne ya ɗauki wahalar da ta haifi ribar, kuma bai sami rabonsa ba, shin ribar jama'a ta isa ta wanke asarar wannan sashe? Ko kuwa akwai bashin da ya rataya a wuyan waɗanda suka amfana? Tarihin Polan daga 1980 zuwa yau yana nuna cewa shiga Tarayyar mataki ne da ya dace, amma dacewarsa ba ta shafe bashin ba, kuma bashin da aka ƙi amsa sunansa yakan dawo wa al'umma ta ƙofar siyasa.

Waɗanda suka buɗe ƙofa

Kafin a yi maganar wanda ya ci riba, ya kamata a tuna wanda ya fara karya ƙofar. A watan Agusta na 1980 ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Lenin da ke birnin Gdansk suka shiga yajin aiki. Abin da ya tunzura su shi ne korar wata mata mai sarrafa injin ɗaga kaya, Anna Walentynowicz, ƴan watanni kafin ta yi ritaya. Wani mai gyaran wutar lantarki, Lech Walesa, wanda shi ma an taɓa korar sa daga wurin, ya jagorance su. Ranar 31 ga watan gwamnati ta sa hannu a kan yarjejeniyar da ta amince a kafa ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasashen da ke ƙarƙashin inuwar Mosko. Ƙungiyar, mai suna Solidarnosc, wato haɗin kai da ɗaukar nauyin juna, ta tara mambobi kusan miliyan 10 cikin shekara guda.

Ranar 13 ga Disamba na 1981 Janar Wojciech Jaruzelski ya kafa dokar soja, aka kama dubban ƴan ƙungiyar, kuma kwana uku bayan haka jami'an tsaro suka harbe masu haƙar kwal tara a mahaƙar Wujek. Ƙungiyar ta ci gaba da aiki a ɓoye har sabon yajin aiki na 1988 ya tilasta wa gwamnati zaman sulhu. A zaɓen 4 ga Yuni na 1989 ƴan takarar Solidarnosc suka lashe kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawa, da dukan kujerun da aka yarda a yi takara a kansu a majalisar wakilai. Kafin ƙarshen bazarar nan Tadeusz Mazowiecki ya zama faraminista, na farko a yankin da ba ɗan kwaminisanci ba tun bayan shekara arba'in. Masana da malaman coci sun taka rawa a wannan gwagwarmaya, amma ƙarfinta ya fito ne daga masu walda, masu haƙar kwal, masu narka ƙarfe da mata masu aikin saƙa.

Magani mai ɗaci

Sabuwar gwamnati ta gaji baitulmali wofi. Shaguna babu kaya, farashi yana ninkawa cikin ƴan watanni, bashin waje ya kai wajen dala miliyar 40. Ministan kuɗi Leszek Balcerowicz ya zaɓi a sha maganin gaba ɗaya maimakon kurɓi-kurɓi. Daga 1 ga Janairu na 1990 aka saki farashin mafi yawan kayayyaki, aka janye tallafin da ake ba kamfanonin gwamnati, aka buɗe iyaka ga kayan waje, aka daina buga kuɗi don cike giɓin kasafi, aka kuma ɗora haraji mai nauyi a kan kamfanin gwamnatin da ya yi ƙarin albashi fiye da ƙima. Cikin ƴan makonni kaya suka cika shaguna. A 1991 ƙasashen da ke bin Polan bashi suka amince su yafe rabinsa, kuma a 1992 tattalin arzikinta ya fara farfaɗowa, ya riga na maƙwabtanta.

Amma ɗacin maganin bai rabu daidai ba. Rashin aikin yi, wanda a hukumance babu shi a 1989, ya haura kashi 16 cikin ɗari a ƙarshen 1993. Masaƙun birnin Lodz, waɗanda kasuwarsu take Tarayyar Sobiyet, suka rufe ɗaya bayan ɗaya, mata dubbai suka koma gida. A Walbrzych aka rufe mahaƙan kwal baki ɗaya cikin shekarun 1990. Masana'antar jiragen ruwa ta Gdansk kanta, wadda take da ma'aikata wajen dubu 17 a zamanin yajin aikin, ta karye a 1996, shekara guda bayan tsohon ma'aikacinta Walesa ya sauka daga shugabancin ƙasa.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne ma'aikatan gonakin gwamnati, mutum wajen dubu 400 ban da iyalansu, mafi yawa a arewa da yammacin ƙasar. Dokar watan Oktoba na 1991 ta rushe waɗannan gonaki. A irin waɗannan ƙauyuka gonar ce take ba da aiki, ita take da gidajen kwana, da wurin renon yara, da motar da ke kai mutane gari, saboda haka da ta faɗi sai komai ya bi ta. Daga baya doka ta ba ma'aikatan kamfanonin da aka sayar damar samun wani kaso na hannun jari kyauta, masu haƙar kwal kuma suka sami kuɗin sallama masu kauri daga 1998, domin suna da ƙungiya kuma suna iya cika titunan Warso. Ma'aikatan gona, da suke warwatse a ƙauyuka babu mai magana da yawunsu, ba su sami kwatankwacin haka ba. Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ministan ƙwadago na wancan lokaci, Jacek Kuron, tsohon ɗan gwagwarmaya da ya sha ɗauri, yakan fita da kansa ya raba wa mabuƙata miya a titi, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya bayyana nadama game da yadda aka gudanar da sauyin.

Sharuɗɗan shiga

Abin da ya sa jama'a suka jure wannan wahala shi ne alkawarin komawa cikin Turai. A watan Disamba na 1991 Polan ta sa hannu a kan yarjejeniyar ƙawance da ƙasashen Yammacin Turai. A 1993, a taron Kopenhagen, aka gindaya wa masu neman shiga sharuɗɗa: dimokuraɗiyya da bin doka, tattalin arzikin kasuwa mai iya jure gasa, da karɓar dokokin Tarayyar baki ɗaya. Polan ta miƙa takardar neman shiga a watan Afrilu na 1994, aka fara tattaunawa a watan Maris na 1998 a kan babi 31, dokokin da za ta shigar cikin nata kuwa sun kai shafi wajen dubu 80. Dole mahauta da masana'antun sarrafa madara su cika ƙa'idojin tsabta ko su rufe. Dole a rage masana'antun ƙarfe da mahaƙai, a kuma daina ɗaukar nauyin kamfanin da ba ya iya tsayawa da ƙafarsa. Masu aikin haƙar kwal, da suka kai wajen dubu 400 a 1989, sun koma ƙasa da dubu 150 lokacin da aka shiga.

Ga ƙasar da maƙwabtanta suka raba ta har ta ɓace daga taswira shekara 123, daga 1795 zuwa 1918, sannan ta yi shekara arba'in da ƴan kai tana karɓar umarni daga Mosko, miƙa wani sashe na ikonta ga Burusal ba ƙaramin al'amari ba ne. Masu adawa sun ce an sauya ubangida ne kawai. Wannan zance bai tsaya a kan gaskiya ba, domin ba wanda ya nemi yardar ƴan Polan kafin a sa su cikin ƙawancen Sobiyet, kuma tankokin da suka shiga Hangare a 1956 da Cekoslobakiya a 1968 sun nuna makomar mai neman fita. Tarayyar Turai kuwa sai da aka tambaye su. A ƙuri'ar raba gardama ta 7 da 8 ga Yuni na 2003 kashi 77 cikin ɗari na waɗanda suka fito sun amince, kuma kusan kashi 59 na masu rajista ne suka fito. Ƙasar ta sami kujera a inda ake yin dokokin, kuma ficewar Birtaniya a 2020 ta tabbatar da cewa ƙofar tana buɗewa ta waje ma.

Duk da haka cinikin bai kasance tsakanin tsara da tsara ba. Manomin Polan ya fara ne da kashi 25 cikin ɗari na tallafin da Tarayyar take ba takwaransa na Faransa ko Jamus, kuma sai a 2013 aka cika masa. Jari da kayan Yamma sun shiga Polan nan take, amma Jamus da Ostiriya ba su buɗe wa ma'aikatan Polan kasuwar aikinsu ba sai a watan Mayu na 2011.

Abin da aka samu, da abin da aka ƙara biya

Ribar ta zo, kuma tana da yawa. Cikin shekara ashirin Polan ta karɓa daga asusun Tarayyar fiye da abin da ta zuba da sama da Yuro miliyar 150. Manyan hanyoyin mota, waɗanda ba su kai kilomita dubu ɗaya ba a 2004, sun kai wajen kilomita dubu 5. Kamfanonin motoci, na kayan ɗaki da na baturan lantarki suka kafa masana'antu, domin abin da aka ƙera a Poznan ko Wroclaw yana isa Jamus ba tare da kuɗin fito ba. Manoma, waɗanda suka fi kowa fargaba kafin ƙuri'ar, suna cikin waɗanda suka fi amfana, har ƙasar ta zama kan gaba a Tarayyar wajen noman tuffa da kiwon kaji. A 2009, lokacin da tattalin arzikin sauran ƙasashen Tarayyar ya ja da baya, na Polan kaɗai ya ƙaru. Mai shakka sai ya dubi maƙwabciyarta Yukiren: a 1990 arzikin mutum ɗaya a ƙasashen biyu bai yi nisa da juna ba, amma kafin 2021 na Polan ya ninka na Yukiren fiye da sau uku.

Sai dai shigar ta zo da nata sabon kuɗin. Birtaniya, Ailan da Suwidin sun buɗe kasuwar aiki tun 2004, matasa kuwa suka yi ta kwarara. Kafin ƙarshen 2007 ƴan Polan fiye da miliyan 2 ne suke zaune a waje. Wani sashe na raguwar rashin aikin yi a shekarun farko ya samo asali ne daga wannan tafiya cin rani. Kuɗin da suka aiko sun gina gidaje, amma yara da yawa sun tashi a hannun kakanni, har harshen ƙasar ya sami sabuwar kalma mai ma'anar marayun Turai. Asibitocin ƙananan garuruwa suka rasa likitoci da masu jinya da ƙasar ta kashe kuɗi ta horar.

A watan Nuwamba na 2008 Hukumar Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa tallafin da gwamnati ta ba masana'antun jiragen ruwa na Gdynia da Szczecin ya saɓa wa dokar gasa, aka kuma rushe su a 2009, dubban ma'aikata suka rasa aiki. A bisa doka hukuncin yana da hujja. Amma a cikin waɗannan watanni ne gwamnatocin Yammacin Turai suke zuba dukiyar jama'a don ceto bankunansu, da amincewar wannan Hukuma, kuma mai walda a Szczecin yana ganin labarin a talabijin. Asarar ba ta tsaya a ɓangare ɗaya ba: a 2009 kamfanin Dell ya ɗauke aikin haɗa kwamfuta daga Limerick ta Ailan zuwa Lodz, mutum wajen 1,900 suka rasa abin yi a can. Kasuwa guda takan raba riba a faɗin nahiya, asararta kuwa ta taru a gari ɗaya.

Ma'aunai biyu

Akwai hanyoyi biyu na duban wannan lissafi. Ta farko ita ce ta masu auna alheri da jimilla, wadda ta samo tushe daga masanin falsafar Ingila Jeremy Bentham: mataki yana da kyau idan amfanin da ya jawo ya rinjayi cutarwar da ya haddasa. A 1939 masana tattalin arziki biyu, Nicholas Kaldor da John Hicks, suka ba wannan tunani siffar da gwamnatoci suke aiki da ita: sauyi ya cancanta idan ribar masu riba ta kai yadda za su iya biyan masu asara diyya, kuma wani abu ya saura a hannunsu. Ƙa'idar ba ta wajabta a biya diyyar ba, ta tsaya ga cewa ana iya biya. A kan wannan ma'auni Polan ta wuce da kyau. Amma tsohon direban tarakta a wani ƙauyen Pomeraniya ba ya ciyar da iyalinsa da diyyar da ake iya biya.

Hanya ta biyu ita ce ta Ba'amurke John Rawls, wanda a 1971 ya kawo shawarar cewa bambancin rabo yana halasta ne kawai idan ya amfani mafi rauni a cikin al'umma. Ya nemi mutum ya ƙaddara cewa zai zaɓi dokokin zaman tare alhali bai san matsayin da zai sami kansa a ciki ba. A ƙaddara ɗan Polan ne a watan Disamba na 1989, bai sani ba ko zai wayi gari ɗalibi ɗan shekara ashirin mai jin Ingilishi a Warso, ko kuwa mace ƴar shekara arba'in da biyar mai tatsar shanu a gonar gwamnati. Mai yiwuwa ne ƙwarai ya zaɓi hanyar Turai duk da haka, domin tsayawa a tsohon tsari talauci ne ga kowa. Amma ba zai sa hannu ba sai an rubuta masa cewa duk wanda sauyin ya kayar za a koya masa wata sana'a, motar ƙauyensu ba za ta daina zuwa ba, ƴaƴansa za su iya kaiwa makarantar gaba, kuma yana da kaso a dukiyar da aka sayar. Wannan ma'auni ya yarda da inda aka dosa, abin da yake tuhuma shi ne yadda aka raba kayan tafiyar.

Ana kawo hujjoji uku masu nauyi a kan wannan tuhuma. Ta ɗaya ita ce a 1990 babu kuɗin da za a biya kowa diyya. Gaskiya ne, kuma wanda bai ɗanɗana wancan hali ba bai kamata ya yi saurin zargin waɗanda suka riƙe ragama ba. Amma uzurin 1990 bai zama uzurin 2007 ba, lokacin da tattalin arziki yake ƙaruwa da fiye da kashi 6 cikin ɗari a shekara. Rashin abin biya yakan jinkirta bashi ne kawai, idan hali ya samu sai a sauke shi.

Hujja ta biyu ita ce ayyukan da aka rasa dama na banza ne, kamfanonin asara suke yi, gonakin kuma tallafi ne yake riƙe da su. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ma'aikacin ba shi ya tsara tattalin arzikin ba. Gwamnati ce ta kafa gonar, ta kawo shi, ta gina masa ɗaki a gefenta, ta koya masa aiki ɗaya tak. Da yawa daga cikin jami'an da suka tafiyar da tsohon tsarin kuwa sun yi amfani da sanayya da muƙamansu suka zama masu kamfanoni a sabon. Ba adalci ba ne hukuncin gazawar tsari ya sauka a kan wanda ya fi kowa ƙarancin iko a cikinsa.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi: ƴaƴan waɗanda suka yi asara su ne suke cin moriyar yau. Babu shakka iyaye da yawa za su ce sun yarda da wannan musaya. Amma sadaukarwa tana zama kyauta ne idan mai ita ya bayar da yardarsa. An tambayi jama'a a 2003 game da shiga, ba a tambaye su a 1990 game da wanda zai ɗauki kayan ba. Kuma mutum rai ɗaya gare shi: wanda yake da shekara 45 a 1991 ya kai 58 a 2004, shekarun ƙarfinsa sun ƙare a jiran ribar da ta zo bayan ya gaji.

Bashin kuwa bai tsaya ga kuɗi ba, har da mutunci. A shekarun 1990 an saba jin ana siffanta waɗanda suka faɗi da cewa ragwaye ne, ragowar mutanen Sobiyet da suka saba a ba su a baki, aka kuma riƙa raba ƙasar gida biyu a baki, Polan mai ci gaba da Polan ta baya. Wanda ya rasa aikinsa zai iya haƙuri idan aka ce masa an san abin da ya ɗauka. Idan kuwa aka ce masa laifinsa ne, to an haɗa masa asara da wulaƙanci, kuma na biyun ya fi daɗewa a zuciya.

Ranar biya

Ruwa ba ya tsami banza. Tun cikin shekarun 1990 Andrzej Lepper ya riƙa jagorantar manoman da bashi ya ci suna tare hanyoyi, kuma a zaɓen 2001 jam'iyyarsa ta zo ta uku. A 2015 jam'iyyar Doka da Adalci ta Jaroslaw Kaczynski ta lashe shugabancin ƙasa da rinjayen majalisa. Nasararta tana da dalilai da yawa, har da addini da al'ada da batun ƴan gudun hijira, amma ƙarfinta yana ƙauyuka da ƙananan garuruwa, kuma ta yi musu magana da harshen mutunci. A watan Afrilu na 2016 ta fara biyan zuloti 500 a wata a kan kowane yaro daga na biyu, a 2019 ta haɗa da na fari, a 2017 kuma ta mayar da shekarun ritaya zuwa 60 ga mata da 65 ga maza. Matsanancin talauci a tsakanin yara ya ragu sosai.

Amma gwamnatin nan ce kuma ta sa hannu a kan kotuna, ta sauya yadda ake naɗa alƙalai da yadda ake ladabtar da su. A watan Disamba na 2017 Hukumar Tarayyar ta buɗe wa Polan shari'ar keta ƙa'idar bin doka, a watan Oktoba na 2021 kotun Tarayyar ta ci ta tarar Yuro miliyan ɗaya a kowace rana, aka kuma riƙe mata kuɗaɗen farfaɗowa bayan annobar korona har zuwa 2024. A nan ne haɗarin bashin da aka yi sakaci da shi yake bayyana. Idan masu mutunta hukumomi suka ƙi biyan sa, wani zai zo ya biya, kuma shi zai faɗi abin da yake so a madadi. Talakan da aka fara kula da shi bayan shekara ashirin da biyar ba zai yi saurin fita kare alƙalin da bai taɓa ganin ya kare shi ba, ko da yake shi ne zai fi kowa shan wuya ranar da kotu ta zama ta mai mulki.

Gwamnatin Donald Tusk da ta hau a watan Disamba na 2023 ba ta soke kuɗin yaran ba, sun ma ƙaru zuwa zuloti 800 a watan Janairu na 2024 bisa dokar da aka riga aka zartar. Wannan kansa amsa laifi ne cewa buƙatar ta gaskiya ce. A watan Yuni na 2025 kuma ɗan takarar da jam'iyyar Kaczynski ta mara wa baya, Karol Nawrocki, haifaffen Gdansk, ya lashe shugabancin ƙasa da ɗan ƙaramin rinjaye. A duk tsawon wannan ja-in-ja mafi yawan ƴan Polan ba su daina goyon bayan zama cikin Tarayyar ba. Gardamarsu a kan rabon amfanin zaman ce, da kuma wanda ake ganin girmansa a cikin gida.

Mai jiran ƙofa ya zama mai tsaron ta

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma yanzu tambayar ta juyo ta fuskanci Polan daga wani ɓangare. Bayan harin da Rasha ta kai wa Yukiren a watan Fabrairu na 2022 ƴan Polan sun buɗe gidajensu ga miliyoyin masu gudun yaƙi, wajen miliyan ɗaya kuma suka zauna. A watan Yuni na wannan shekara Yukiren ta sami matsayin mai neman shiga Tarayyar, aka kuma janye kuɗin fito a kan kayanta. Hatsi mai araha ya shigo, farashi ya faɗi a kasuwannin gabashin Polan, a watan Afrilu na 2023 gwamnati ta hana shigo da shi, a watan Nuwamba direbobin manyan motoci suka tare iyaka, manoma suka biyo baya a 2024. Abin da wasu Faransawa suka riƙa faɗa a 2005 game da mai gyaran famfo ɗan Polan da zai zo ya karya musu farashin aiki, shi ne manomin Polan yake faɗa game da alkamar maƙwabcinsa.

Rufe wa Yukiren ƙofar da aka buɗe wa Polan zai zama butulci ga tarihin ƙasar kanta. Buɗe ta kuma a ce wa ƙaramin manomin yankin Lublin ya yi haƙuri domin jimillar lissafi tana da kyau zai zama maimaita abin da aka yi wa ma'aikatan gona a 1991. An fara tattaunawar shigar Yukiren a watan Yuni na 2024, saboda haka akwai sauran lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da adalci yake nema shi ne tun kafin a sa hannu a san su wane ne za su yi asara, a wane yanki suke, nawa za a ba su, daga aljihun wa, har zuwa wace shekara, a kuma rubuta wannan a cikin yarjejeniyar da za ta buɗe kasuwar. Polan ta fi sauran ƙasashen Tarayyar cancantar ta tsaya a kan wannan sharaɗi, domin ƙauyukan tsofaffin gonakin gwamnati suna nan a arewacinta, kuma wasu daga cikin waɗanda aka sallama a 1991 suna raye a cikinsu.